Wai Har Yanzu Akwai Masu Bautar Zeus da Jupiter? Tambayoyi da Amsoshi

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutun. Yaron nan in an taso daga makaranta ba shi da wurin zuwa sai gidan gem, ran nan ya dawo yana ta ba ni labarin God of War da yadda ya kai ƙarshen wasan har ya kashe Zeus, sai ya ce min "Kawu, wai shi Zeus ɗin nan da gaske an taɓa bauta masa?" Na ce eh amma a da can ne, yanzu kam sai a fim da gem. Ashe ƙarya na shara wa yaro ban sani ba. Da na zauna na bi diddigin maganar sai na tarar yanzu haka akwai mutane masu waya da mota da digiri da ke tashi da safe su kunna wa Zeus turare. Shine na tattara tambayoyin da na yi wa kaina da waɗanda abokai suka jefo min a majalisa. Ni dai Musulmi ne, ba talla na zo yi wa kowa ba, bayani ne kawai na yadda abin yake a inda yake.

Tsakani da Allah akwai su, ko dai wasan kwaikwayo ne?

Akwai su, amma akwai masu wasan kwaikwayon ma, kuma a hoto ba ka iya bambance su tunda duk farin mayafi ne da kambun ganye a ka. Misali bikin kunna wutar Olamfik da ake yi a Olimpiya gaban kangon haikalin Hera, wanda wata mata ke ɗaga hannu tana kiran Apollo, wannan 'yar wasan kwaikwayo ce aka ɗauko, kuma al'adar ma a 1936 aka ƙirƙiro ta. Masu yi da gaske daban suke. A Girka babbar ƙungiyarsu ita ce YSEE, wato Majalisar Ƙoli ta Girkawa masu addinin gargajiya, an kafa ta a 1997, wanda ya fi shahara a cikinsu shine marubucin nan Vlassis Rassias da ya mutu a 2019. Akwai Labrys a Atina tun 2008, su sun fi mai da hankali kan ibadar cikin gida. A Amurka akwai Hellenion tun 2001. Ɓangaren allolin Rum kuma akwai Nova Roma da aka kafa a Amurka a 1998, sai ƙungiyoyin Italiya irin su Pietas wadda Giuseppe Barbera ke jagoranta.

Su nawa ne?

Kaɗan ne. Gwamnatin Girka ba ta ƙirga mutane ta addini, saboda haka kowa kirdado yake yi, masu bincike su ce 'yan dubbai, shugabannin ƙungiyoyin kuma su hura lissafin ya kai dubu goma-goma ko fiye, ka san halin mai ƙungiya. A ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 10 kaga ba wani abu ba ne. A Ingila da Wales ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan 74,000 sun rubuta kansu a matsayin masu bin addinan gargajiyar Turai, amma wannan duka-duka ne, masu bin allolin Girka wani yanki ne kawai a ciki. Mafi yawansu ma ba su da ƙungiya, mutum shi kaɗai ne a ɗakinsa da kyandir da intanet.

Su waye allolin?

Manyan su 12 ne, waɗanda aka ce suna zaune a Dutsen Olimfus. Zeus shine babba, na sama da tsawa, Rumawa su ce Jupiter. Matarsa Hera ta aure, ita ce Juno. Poseidon na teku da girgizar ƙasa shine Neptune, Demeter ta hatsi, Athena ta hikima da dabarun yaƙi wadda birnin Atina ke ɗauke da sunanta, Apollo da 'yar'uwarsa Artemis, Ares na yaƙi wato Mars, Aphrodite wato Venus, Hephaestus maƙeri, Hermes ɗan aike kuma na 'yan kasuwa, sai a cike da Hestia ta murhu ko Dionysus na giya, tun a da ma ba a daidaita kan na sha biyun ba. Amma fa ba su kenan ba, akwai Hades na ƙarƙashin ƙasa, akwai Hekate, akwai Pan, kowane kogi da maɓuɓɓuga da nasa. Rumawa su abin nasu ya wuce misali, ƙofa kaɗai sai da suka ba ta masu kula da ita har uku, na ƙyaure daban, na ƙarfen da yake juyawa a kai daban, na dokin ƙofa daban.

Ba an ce addinin ya mutu ba? Wa ya kashe shi?

Ya mutu kam, amma ba dare ɗaya ba. Sarki Constantine ya ba Kiristanci 'yanci a 313, daga nan gidan sarauta ya juya baya ga tsofaffin haikalai. Sarki Julian ya yi ƙoƙarin dawo da su, amma daga 361 zuwa 363 kawai ya yi mulki aka kashe shi a yaƙi da Farisa. Wanda ya buga ƙusar shine Theodosius, dokokinsa na 391 da 392 sun hana yanka da shiga haikali, kuma ta 392 ɗin har cikin gida ta bi mutane, ta hana kunna wa allolin gida wuta ko turare ko zuba musu giya. A 529 Justinian ya hana waɗanda ba Kirista ba koyarwa, makarantar falsafa ta Atina ta rufe, malamanta suka gudu fadar Kisra na Farisa na ɗan lokaci. An ce mutanen Mani, wani lungun duwatsu a kudancin Girka, sai a ƙarni na 9 suka karɓi Kiristanci.

Abin ya kai har kalmar "Hellene" ɗin kanta, sunan da Girkawa ke kiran kansu da shi yau, ta koma nufin arne a bakin coci, mutane suka koma ce wa kansu Rumawa na ɗaruruwan shekaru. Can a ƙarni na 15 wani masanin falsafa mai suna Plethon a garin Mystras ya rubuta littafi yana tsara yadda za a koma wa Zeus, bayan ya mutu littafin ya faɗa hannun Gennadios shugaban cocin Kustantiniya ya sa aka ƙone shi, 'yan guntaye ne suka tsira.

To in ya mutu sama da shekara dubu, daga ina suka samo yadda ake yi?

Yawwa, a nan gizo ke saƙar, kuma ni a ganina duk wata rigima da ke tsakaninsu daga nan ta taso. Babu wani cikinsu da zai ce kakana ne ya koya min, shi kuma kakansa ya koya masa. Silsilar ta yanke. Wasu a Girka na iƙirarin cewa an ci gaba da yi a ɓoye daga gida zuwa gida, amma masana tarihi ba su ga hujjar da za su riƙe ba. Abin da ke hannu takarda ce da dutse.

Sai dai fa takardar da yawa. Akwai waƙoƙin Homer da Hesiod, akwai tarin waƙoƙin yabon alloli da ake jingina wa Orpheus guda 87, kusan kowace an rubuta a samanta irin turaren da za a ƙona mata, kaga wannan kamar littafin jagora ne ya faɗo musu. Akwai duwatsun da aka haƙo ɗauke da kalandar hadaya, kamar na wani ƙauye Erchia kusa da Atina, an rubuta ranar kaza allan kaza tunkiya ko alade kuɗinta kaza. Akwai zanen jikin tukwane da ke nuna yadda ake tsayuwa gaban bagade. Na Rumawa kuma Cato ya bar addu'o'in manomi kalma da kalma a littafinsa na noma.

Matsalar ita ce abin da kowa ya sani ba a rubuta shi. Wa zai zauna ya rubuta yadda uwarsa ke gaida murhu da asuba? Sannan asirin Eleusis, wato ibadar sirri da ake yi a garin Eleusis kusa da Atina, wanda shi ne ibada mafi girma a wajen tsofaffin Girkawa, hukuncin kisa ne a kan wanda ya tona, kuma sun riƙe sirrin da kyau har ya bi su kabari. Saboda haka akwai ramuka, kuma dole a cike su. Daga nan suka rabu biyu, masu cewa sai abin da aka samu a rubuce ko a ƙasa, da masu cewa ai addini mai rai dole ya tafi da zamani. Har suna da wata kalma UPG da suke liƙa wa duk abin da mutum ya ce ya ji a ransa ko ya gani a mafarki amma ba shi da madogara a tsohon rubutu, kamar wanda zai ce Hermes na son kofi, alhali tsofaffin Girkawa ba su taɓa ganin kofi ba. In ka leƙa muhawararsu sai ka ji kamar ka san muryar, wannan ya ce kawo hujja, wancan ya ce kun cika tsanani.

Ya ibadar take a gida?

A ce wata ce a wani bene a Atina ko Chicago. Tana da ɗan tebur ko kanta a lungun falo, a kai akwai kyandir ko fitilar mai, da kasko na turare, da kwano, da ƙaramin mutum-mutumi ko hoto. Za ta fara wanke hannu da fuska da ruwan da suke kira khernips, wasu gishiri suke sa masa, wasu su kunna busasshen ganye su tsoma a ciki ya yi cuu. Dalili shine akwai abin da suke kira miasma, wata irin dauɗa da ke kama mutum daga mutuwa ko haihuwa ko jini ko saduwa, ba zunubi ba ne, wankewa kawai ake yi. Sai ta kunna wutar da sunan Hestia, domin ita ake fara ba wa kuma ita ake rufewa da ita. Ba durƙuso ba sujada, a tsaye ake yi hannuwa sama tafin na kallon sama, in kuma na ƙarƙashin ƙasa ake kira sai a juya tafin ƙasa. Ta karanta waƙar yabo da ƙarfi, ta watsa 'yan ƙwayoyin sha'ir, ta zuba lubban a garwashi, sannan ta tsiyaya giyar inabi da aka sirka da ruwa, ko madara ko zuma ko man zaitun, a cikin kwanon, daga baya a kai waje a juye a ƙasa. Minti goma an gama.

Tsarin addu'ar ma akwai shi, ka kira allan da sunayensa da laƙabansa, ka tuna masa abin da ka taɓa ba shi, sannan ka roƙa. Suna kiran wannan alaƙa kharis, ba ni in ba ka irin ta maƙwabta da aka daɗe ana miƙa wa juna kwano ta katanga.

Kalandarsu ta wata ce, da ganin jinjirin wata ake shiga sabo, kuma rana na farawa ne daga faɗuwar rana. Daren ƙarshe na wata, lokacin da duhu ya yi duhu, na Hekate ne, a share gida tas a kai abinci irin ƙwai da tafarnuwa mararraba a ajiye ba a waiwaya, na zamani wasu sun mai da shi sadakar abinci ga mabuƙata. Washegari Noumenia, bikin sabon wata. Wanda ya fi ba ni mamaki ɗan tulun nan ne da suke ajiyewa a sito wajen kayan abinci saboda Zeus mai tsaron dukiyar gida, a zuba ruwa da mai da 'yan hatsi a rufe, duk wata a sabunta.

Na Rumawa daban ne da na Girkawa?

Daban ne duk da an haɗa musu alloli. Barume zai rufe kansa da gefen mayafi in zai yi ibada, Bagirke kansa a buɗe. Barume da Janus mai fuska biyu yake farawa ya rufe da Vesta, wato Hestia ɗinsu. Wurin ibadar gidansu sunansa lararium, kuma sun yi sa'a domin aman wutar Vesuvius na shekara ta 79 ya binne garin Pompeii da irin waɗannan da yawa, har fentinsu na nan, ba sai an yi kirdado ba. Ranakunsu uku ne a wata, ranar 1, sai ranar 5 ko 7, sai ranar 13 ko 15. Kuma Rumawa mutanen ƙa'ida ne kamar lauyoyi, in ka yi tuntuɓen harshe a addu'a sai ka koma farko. Tun zamanin daular ma akwai wata tsohuwar waƙar ibada da masu rera ta da kyar suke gane ma'anarta, amma ba wanda ya isa ya canza harafi.

Nova Roma su sun wuce ibada, jamhuriya guda suka kafa a intanet, kowa ya ɗauki sunan Latin, a yi zaɓen shugabanni biyu duk shekara, ga majalisar dattawa, ga rigimar kujera kamar ta gaske. Ranar 21 ga Afrilu kuma ana bikin kafa birnin Rum, a lissafinsu 2025 ita ce shekara ta 2778.

Suna yanka dabbobi?

Kusan dukkansu a'a. A da yanka shine ƙashin bayan addinin, a ƙone ƙasusuwan cinya da kitse hayaƙi ya tafi sama, naman kuma jama'a su cinye, talaka sau da yawa a nan yake ganin nama. Yanzu mutum a bene hawa na biyar ina zai kai sa? Ga dokokin yanka na Turai. Sai suka koma 'ya'yan itace da burodi da waina mai siffar dabba, kuma suna da madogara tunda tun a da mabiya Pythagoras da masani Porphyry sun ƙi jinin hadayar jini.

Gunkin suke bauta wa?

In ka tambaye su za su ce a'a, mutum-mutumin kyauta ce ga allan kuma wurin tsayar da ido ne, ba shi ne allan ba, kuma suna jin haushin a kira su masu bautar gumaka, kalmar da cocin Girka ke jifan su da ita. Wannan amsar ba sabuwa ba ce, masanan falsafarsu sun ba Kiristocin farko irinta. A ma'aunin Musulunci da na Kiristanci dai amsar ba ta canza hukunci ba, tunda matsalar ba dutsen kaɗai ba ce, kiran wanin Allah ne, su ma kuma ba sa musun cewa alloli da yawa suke kira.

Labaran nan na Zeus yana bin matan mutane fa, sun yarda da su? Kuma ai an hau Olimfus ba a ga kowa ba.

An hau kam, tun 1913 aka kai ƙololuwarsa, mita 2,900 da 'yan kai, yanzu ma 'yan yawon buɗe ido na hawa duk bazara. Amma da wuya ka samu wanda ya yarda akwai fada a can. Labaran a wajen yawancinsu ba wahayi ba ne, waƙar mawaƙa ce mai ɗauke da ma'ana a lulluɓe, ba su da littafi guda da za a ce saukakke ne. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa wani mai suna Xenophanes ya zargi Homer da Hesiod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, Aflatun ma ya ce a kori irin mawaƙan nan daga birni. Wani abokin Sarki Julian mai suna Sallustius ya ce abubuwan ba su taɓa faruwa a wata rana ba, kullum suke kasancewa, kuma wannan maganar na bakin na zamani sosai. Shi allan kansa menene, nan ma ba baki ɗaya ba, wasu sun ce kowanne mai zaman kansa ne da gaske, wasu sun ce duk daga tushe ɗaya suka ɓuɓɓugo, wasu kuma ƙarfin halitta suka ɗauke su. Ba a korar kowa a kan wannan, su aiki suka fi dubawa ba aƙida ba.

Gwamnati da coci sun ƙyale su?

A Amurka ba mai kula su. A Girka ne aka sha daga, domin sashe na 3 na tsarin mulki ya ce Cocin Orthodox ne addini mai rinjaye, sashe na 13 kuma ya ba da 'yancin ibada ga "sanannen addini" tare da hana jan mutane zuwa wani addini. To su ba a lissafa su cikin sanannu ba, abin dariya a ƙasar da kowace kwana akwai haikalin kakanninsu. A 2006 wata kotu a Atina ta amince da ƙungiyar Ellinais, a Janairun 2007 suka je kangon haikalin Zeus na tsakiyar birni suka yi biki duk da ma'aikatar al'adu ba ta so ba, wani babba a ƙungiyar limaman coci ya kira su 'yan tsirarun da ke neman tayar da mataccen addini. Sai a 2017 gwamnati ta amince da addinin YSEE a matsayin sananne, abin da ya ba su damar buɗe wurin ibada a hukumance da ɗaura auren da doka ta sani.

Za su iya ibada a tsofaffin haikalan?

Ba haka kawai ba, wuraren kayan tarihi ne a hannun gwamnati, tikiti kake saya kamar kowa, ka kunna wuta mai gadi ya fitar da kai. Parthenon ɗin ma ya ga duniya, haikalin Athena ne, ya koma coci, ya koma masallaci zamanin Usmaniyya, sannan a 1687 harsashin igwar mutanen Venice ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki ya tarwatsa shi. Shi ya sa suke gina nasu. Pietas na da ƙaramin haikalin Jupiter a gefen birnin Rum da wasu ƙanana a wasu garuruwan Italiya. A Maris ɗin 2025 an buɗe wani sabo na Zeus da Pan a yankin Arkadiya na Girka, aka yi ta ja-in-ja da hukuma kan takardun izini, coci ma ta yi ta suka. Babban taronsu na shekara kuwa shine Prometheia a gindin Olimfus kusa da Litochoro, wanda Tryphon Olympios ya fara a tsakiyar shekarun 1990, a nan ake ɗaura aure a raɗa wa mutane tsofaffin sunayen Girka a madadin na waliyyan coci.

Su ne Rumawan da ke cikin Suratur Rum?

A'a. Waɗancan Rumawan gabas ne na zamanin Hiraƙla, kuma a lokacin sun fi shekara 200 da zama daular Kirista. A Littafi Mai Tsarki ne za ka ga addinin da ransa, a Ayyukan Manzanni mutanen Listira sun ɗauki Barnaba da Bulus a matsayin Zeus da Hermes, fassarar Hausa ta rubuta Zafsa da Hamisa, har aka kawo bijimai za a yanka musu, a Afisa kuma maƙeran azurfa masu ƙera siffar haikalin Artemis suka ta da tarzoma don wa'azin Bulus na kashe musu kasuwa.

Kenan kamar bori ne?

Ta wani gefen akwai kama, kowane da halinsa da abin da yake so a ba shi. Amma bambancin ya fi yawa. Ɗan bori a gaban wani ya koya, ya ji garaya da kunnensa tun yana yaro, kuma hawan iska shine tsakiyar abin. Su waɗannan ba hawa, karatu ne da kyandir, mutum zai yi shekara yana haddace kalmomin tsohon Girkanci kafin ya buɗe baki. In kana son kwatance, ka ɗauka wani ya tashi yau ya ce zai dawo da bautar Tsumburbura a Dala alhali abin da ya sani game da Barbushe 'yan shafukan tarihin Kano ne kawai, sai dai su nasu shafukan sun cika ɗakin karatu.

Dole sai Bagirke ko Bature? Na ji an ce 'yan wariyar launin fata ne.

Akwai su a ciki, ƙarya ne a ce babu. A Italiya tun shekarun 1920 irin su Julius Evola suka so haɗa allolin Rum da mulkin Fasist, sai Mussolini ya watsa musu ƙasa a ido ya ƙulla yarjejeniya da Fafaroma a 1929. A Girka jam'iyyar Golden Dawn, wadda kotu ta yanke wa hukuncin ƙungiyar 'yan ta'asa masu aikata laifi a 2020, a farkonta ta yi ta yabon tsofaffin alloli kafin ta ga ƙuri'a na wajen coci ta juya. Ƙungiyoyin Girka da yawa na kallon abin a matsayin gadon ƙabila, Hellenion da yawancin na intanet kuma sun ce ƙofa a buɗe take ga kowa, hujjarsu ita ce Eleusis ta karɓi mata da bayi da baƙi matuƙar mutum na jin Girkanci kuma ba jini a hannunsa. Na Girka su ce 'yan Amurka sun mai da gadonsu abin wasa, na Amurka su ce ai ku ma daga littafi kuka koya kamar mu.

Me ke jan matasa ciki?

Da yawa ta ƙofar labari suka shigo, littattafan yara da gem da fim, daga nan TikTok. Wasu sun bar coci ne da ɓacin rai amma ba sa son zama ba addini. A TikTok ɗin ne za ka ga yarinya na kuka wai wutar kyandir ta karkata Apollo na fushi da ita, tsofaffin hannu kuma na ta faman cewa iska ce, rufe taga.

Me suka ce game da lahira?

Ba su cika damuwa da ita ba. A tsohon labari kusan kowa gidan Hades yake tafiya, wuri mai dishi-dishi ba daɗi ba azaba, 'yan kaɗan ne ke samun Elysium wurin ni'ima, manyan masu laifi kuma Tartarus wurin azaba. Mabiya Aflatun sun yarda rai na sake dawowa a wani jikin. Wasu har yanzu na sa wa mamaci tsaba saboda kuɗin mai fito, shi Charon.

To mu me ya haɗa mu da su?

Bauta dai babu, amma sunayen na bakinmu. Janairu daga Janus ne, Maris daga Mars, Mayu daga Maia, Yuni daga Juno. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi lakwal in sun ce mardi, mercredi, jeudi, vendredi, ranakun Mars da Mercury wato Hermes da Jupiter da Venus suka lissafa. Takalmin Nike sunan allahiyar nasara ne. Sai ciwon idon nan Apolo da ke sa ido ya yi jawur ya bi gida ɗaya-ɗaya, a Ghana ya ɓarke a 1969 daidai lokacin da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, mutane suka ce ai shi ya kwaso shi, sunan ya bi shi har Najeriya. Kumbon kuma sunan allan aka sa masa, wanda a wajen Girkawa shine mai harbo annoba da kibiya kuma shine mai warkar da ita. Da na gaya wa ɗan yayar tawa wannan sai ya ce shi dai a gem ɗin bai taɓa haɗuwa da Apollo ba, da ya rama mana.